Minti 80 daga Yamai zuwa Maraɗi, awa 8 daga ƙauyenmu zuwa ɗakin tiyata



Kwanan baya muna zaune a fadarmu ana dafa shayi, wani abokina ya zaro waya yana nuna mana lissafin tafiyar jirgin sama tsakanin Yamai da Maraɗi. Ya ce kilomita 540 ne a miƙe, awa ɗaya da ƴan mintoci ka sauka. Sai ya ƙara da cewa, "Kun gani? Ƙasar ga ta ƙanƙance. Ka karya kumallo Yamai, ka yi walaha Maraɗi." Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa na yi shiru. Lissafinsa daidai ne, don na taɓa shiga jirgin nan, idona a kan agogo tun tashi har sauka. Amma ranar da na shige shi ita ce ranar da na daina yarda da irin wannan lissafi. Bari in fara da lissafin kansa, in ba ku labarina, sannan in faɗi ra'ayina. Wanda ya ga ba haka ba ne, ya gyara mini.

Tsakanin filin jirgin Diori Hamani na Yamai da filin jirgin Maraɗi akwai kusan kilomita 540 idan aka ja zare a kan taswira. Garuruwan biyu kusan layi ɗaya suke, jirgi ya fuskanci gabas kawai ya miƙe. Jiragen da aka saba gani a zirga-zirgar cikin gida masu farfela ne, irin su ATR 72 da Fokker 50, gudunsu a sama wajen kilomita 500 ne a awa. Idan ka raba, awa ɗaya da ɗan kai ke nan. Sai ka ƙara lokacin da jirgi ke ci yana hawa, da lokacin saukowa, da jan ƙafa a ƙasa kafin ya tsaya. Gaba ɗaya ya kama awa ɗaya da minti 15 zuwa awa ɗaya da rabi, gwargwadon iska da yanayi.

A mota kuma, babbar hanyar RN1 ba ta miƙe ba. Takan gangara kudu zuwa Doso, ta hau ta Dogon Dutsi, ta bi Birnin Ƙonni da Madawa, sannan ta sauko ta Gidan Rumji da Tibiri. Shi ya sa take kai wa wajen kilomita 660. Duk wanda ya taɓa shiga kar da asuba daga Yamai ya san sai wajen la'asar yake ganin Maraɗi, awa tara ko goma, in ba a samu matsala ba. To, awa goma ta koma awa ɗaya da rabi, wa zai ce ba ci gaba ba ne? Ni ma ban ce ba.

Abin da nake cewa shi ne, wannan lissafin daga filin jirgi ya fara, a filin jirgi ya ƙare. Mutum kuwa ba a filin jirgi yake kwana ba.

Ni ɗan wani ƙaramin ƙauye ne cikin komin Issawane, a departeman Mayahi, kusa da ƙasar Tasawa. Karatu ya fitar da ni, neman abinci ya zaunar da ni Yamai. Wata damina, cikin watan Agusta, waya ta tashe ni wajen ƙarfe 4 na dare. Yayana ne, muryarsa na yankewa, don sai da ya hau kan tudu ya samu rezo.

Ya ce, "Kai ne? Tashi. Ƙanwarka na bisa gwiwa tun la'asar, abin ya ƙiya. Mun ɗaura shanu, muna bisa hanya."

Na ce, "Yaya, tun la'asar? Mi kunka tsaya jira?"

Ya ce, "Ka san hanyar. An yi ruwa. Bari dai, ka yi addu'a."

Waya ta yanke. Na zauna bakin gado na rasa abin yi. Daga baya na kira maigidana na wurin aiki, Allah ya saka masa, ya ranta mini kuɗi. Aka yi sa'a ranar akwai jirgin Maraɗi, aka kuma yi sa'a akwai kujera. Kuɗin biye ya ninka na kar sau da yawa, ban ko tsaya ciniki da zuciyata ba. Na bar gida ƙarfe 6. Jirgi ya tashi 8 da rabi. Ƙarfe 10 saura minti 10 muna ƙasa a Maraɗi. Minti 80 cif.

Daga nan fa aka dawo duniyar da muka sani. Na hau kabu-kabu zuwa tasha. Motar Tasawa ta rage mutum biyar, aka zauna jiran ta cika har 11 da rabi. Kilomita 120 ne kawai, amma da tsaye-tsayen Cadawa da Agye da Gazawa, da sauke buhu da ɗaukar fasinja, sai ƙarfe 2 na rana na isa ƙofar likita. Daga ƙofar gidana zuwa ƙofar likita, awa 8, wajen kilomita 660 tsakanin sama da ƙasa.

Ga nata lissafin kuma, kamar yadda yayana ya ba ni shi daga baya. Amalanke ya bar ƙofar gidanmu ƙarfe 3 na dare, an shimfiɗa mata katifa, Inna na riƙe da kanta, ana haska hanya da fitilar waya. Rairayi kan yi ƙarfi in an yi ruwa, wannan ba matsala, amma kwari da fadama sun cika, dole aka zagaya ta cikin gonaki. Shanu ba su wuce kilomita huɗu a awa. Sai ƙarfe 6 suka isa ƙaramar likita. Ma'aikaciyar da ke wurin ta duba ta, nan take ta ce wannan aikin ya fi ƙarfinta, sai tiyata. Ta kira ambilans. Ambilans daga gari za ta taso, ita ma ruwan nan ne a gabanta, ga maganar kuɗin mai da aka shiga harhaɗawa. Ƙarfe 9 ta iso. Ƙarfe 11 suka shiga babbar likita. Awa 8, tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba.

Ku duba da kyau. Ni lafiyata lau, babu abin da zan tsinana a wurin sai tsayuwa, na ci kilomita 660 a awa 8. Ita da rai biyu ke rataye a wuyanta ta ci ƙasa da kilomita 50 a awa 8. Idan ka raba, kilomita shida a awa ke nan, gudun saurayi mai sauri a ƙafa. A cikin minti 80 da na yi a sama ina kallon gonakin hatsi ta taga, amalanke da ƙyar zai yi kilomita biyar.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Ƙanwata ta rayu, alhamdu lillahi. Jaririn bai zo da rai ba. Da na shiga, Inna ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, har ka iso? Daga Yamai?" Na ce e, jirgi na shigo. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ikon Allah. Ashe Yamai ta fi mu kusa."

Wannan maganar ta Inna ita ce dalilin rubutun nan. Mun yarda da ƙaddara, kowane rai da wa'adinsa. Amma wanda ya ce a yi tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi. Awa 8 ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba, a cikinta akwai abin da hannun mutum zai iya ragewa.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: mun saba auna nisa da kilomita, daga babban gari zuwa babban gari. Ya kamata mu koma auna shi da awa, daga ƙofar gidan talaka zuwa wurin da yake bukatar isa. Duk aikin sufuri da za a kawo mana, jirgi ne ko gudron ko dogo, tambayar farko ita ce: awa nawa ya rage, kuma ga mutum nawa?

Wannan ba tunanin da na ƙago ba ne. A shekarar 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun yi bayanin abin da ke kashe mata wajen haihuwa a ƙasashe irin namu, suka kasa shi jinkiri uku. Na farko jinkirin yanke shawarar a tafi likita. Na biyu jinkirin isa. Na uku jinkirin samun kulawa bayan an isa. Har yau da wannan ma'auni ma'aikatan lafiya ke aiki. A 2015 kuma kwamitin mujallar Lancet kan aikin tiyata a duniya ya sa awa 2 a matsayin ma'auni: mutum ya iya isa wurin da za a yi masa tiyatar gaggawa, kamar ciro jariri, cikin awa 2. Dalili a fili yake, zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2 in ba a tare shi ba. Bankin Duniya ma yana da nasa ma'aunin na karkara: mutum nawa ne ke zaune ƙasa da kilomita 2 daga hanyar da mota ke iya bi rani da damina. Duk waɗannan ma'aunai daga ƙofar gida suke farawa.

Zan faɗi gaskiya a kan gidanmu ma, don kada a ce na ɗora wa hanya komai. Jinkirin farko namu ne. Daga la'asar zuwa ƙarfe 3 na dare awa goma sha ɗaya ce, an zauna ana jiƙe-jiƙe, ana cewa bari a gani. Na yi fushi da yayana a kan haka, har muka yi kwanaki ba ma magana sosai. Amma da na huce na gane abin da yake nufi da "ka san hanyar". Mutumin da likita ke bayan gidansa ba ya dogon tunani, ya ɗauki mara lafiya su tafi, in ba komai su dawo. Mutumin da ya san tafiyar za ta ci masa dare guda, da wahalar shanu, da kuɗin mai, da barin gona a tsakiyar noma, shi yakan jira sai ya tabbata abin ya ɓaci. Lokacin da ya tabbata kuwa an makara. Mugunyar hanya sau biyu take cutarwa: ta hana ka tashi da wuri, in ka tashi ta hana ka isa.

Tun wajen 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, haka ma maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Mataki ne mai kyau, ya ceci rayuka. Amma kyautar tana jiran ka ne a cikin likita. Tsakaninka da ita akwai rairayi da kwari, su kuwa ba su san doka ba.

Yanzu mu dawo kan jirgi. Ko a tsakanin masu hawansa, lissafin fili zuwa fili yakan ruɗi mutum. Ɗauki Maraɗi da Damagaram. A sama kusan kilomita 200 ne, minti 40 ya isa. A RN1 kuma wajen kilomita 240, awa uku zuwa uku da rabi. Kai ka ce jirgi ya yi wa mota fintinkau. Amma ƙara zuwa filin jirgi, da isa tun awa ɗaya ko biyu kafin tashi, da jiran kaya, da shiga gari. Ka ga tazarar ta narke. Mutumin Tasawa kuwa, da ke kusan tsakiyar garuruwan biyu, in ya ce zai je Damagaram ta jirgi sai ya koma baya kilomita 120 tukuna, alhali tafiyar da ta kai wannan tsawon ta gabas ta riga ta kai shi inda za shi. Ko a Faransa, mai kuɗin da ba mu da shi, a 2023 an hana wasu gajerun tafiye-tafiyen jirgin sama na cikin gida inda jirgin ƙasa ke kai mutum ƙasa da awa biyu da rabi. Dalilinsu hayaƙi ne da ɗumamar yanayi, amma lissafin da ya sa abin ya yiwu shi ne na ƙofa zuwa ƙofa. Jirgin sama a doguwar tafiya yake da riba: Yamai zuwa Agadas, Yamai zuwa Difa. Gajeriyar tafiya ta hanya ce.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce, "Kai dai baƙin ciki kake da ci gaba. Ƙasa ba ta zama ƙasa ba filin jirgi." Wallahi ba haka ba ne. Nijar murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267 ce, ba mu da teku, mun fi kowa bukatar sama. Maraɗi cibiyar kasuwanci ce, ƴan kasuwarta na bukatar su je su dawo a yini guda. Jiragen agaji na UNHAS da ke ƙarƙashin Hukumar Abinci ta Duniya sun daɗe suna kai ma'aikata da magani Maraɗi da Damagaram da Difa da Agadas. Inda hanya ba ta da tsaro, jirgi kan zama mafita. Da aka rufe sararin samaniyarmu daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba 2023, kowa ya ji a jikinsa. Muna ma da abin alfahari a fannin: a Yamai makarantar EAMAC take, ta hukumar ASECNA, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi na ƙasashen Afirka da dama. Ni kaina jirgi ne ya kai ni wurin ƙanwata ranar. Ba zan tsaya in zagi tsanin da na hau ba.

Maganata a kan jeri ce: me ke gaba, me ke baya, kuma da wane ma'auni ake zaɓa. Fiye da mutum 8 cikin 10 a ƙasar nan a karkara suke. Jihar Maraɗi kaɗai, a ƙidayar 2012, mutum miliyan 3 da dubu 400 ce, yau kuwa ta fi haka nesa. Jirgin ATR 72 wajen mutum 70 yake ɗauka. Ko da kullum zai sauka cike ya tashi cike, a shekara fasinjan wajen dubu 50 ne kawai, yawancinsu kuma mutane ɗaya ne ke maimaitawa. Amma kowane ɗaya daga cikin miliyoyin nan yana da hanyar da yake bi zuwa kasuwa, zuwa lakwal, zuwa likita. Idan ka rage wa fasinjan jirgi awa takwas, ka yi aiki. Idan ka rage wa ƙauyuka ashirin awa biyu kowace damina, ka yi aikin da ya fi, sai dai babu wanda zai zo da kyamara.

Nan ne matsalar take, kuma mu matasan birni muna da hannu a ciki. Muna son abin da ke ɗaukar hoto. A 2019 an sabunta filin jirgin Yamai gabanin taron Tarayyar Afirka, kamfanin Summa na Turkiyya ya yi aikin, duk muka cika Facebook da hotuna. A 2015 an yi Maraɗi Kwalliya, gari ya sha ado, muka yi murna. Ba laifi. Amma ku tuna da dogon Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, wanda aka yi bikinsa a farkon 2016. Mutum nawa ya kai Doso? Awa nawa ya rage wa wani? Da tun farko da ma'aunin awa muka karɓe shi, da mun yi tambayoyin da suka dace kafin a yi kiɗa. Ga dogon Kano zuwa Maraɗi nan, wanda Najeriya ta aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, kusan kilomita 284. Muna fatan alheri. Amma tun yanzu ya kamata mu tambaya: buhun wake da jan yaro na manomin Issawane, ta wace hanya zai isa tashar, kuma cikin awa nawa? Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba.

Wasu kuma za su ce gudron tsada gare shi, ba za a iya kai shi kowane ƙauye ba. Gaskiya ne, kuma ban nemi haka ba. Abin da ya cinye wa ƙanwata lokaci ba rashin gudron ba ne a dukan hanyar. Wurare biyu ne ko uku inda ruwa ke kwanciya. Radiye na siminti a bakin kwari, da laterit a inda ƙasa ke cafewa, da gyara kafin ruwan farko, su za su mayar da awa uku ta koma ɗaya. Irin wannan aiki ba ya bukatar biliyoyi. Yana bukatar wanda ya san wurin, da wanda zai sa shi cikin kasafi, da wanda zai dawo bayan shekara biyu ya ga ko yana nan.

To me za mu yi, mu da muke da waya da data da ɗan karatu? Ga abin da nake gani.

Na farko, mu auna. Yawancinmu ƴan ƙauye ne da birni ya ara. Idan ka je gida Sallah ko biki ko gaisuwa, duba agogo. Rubuta lokacin da ka bar gudron da lokacin da ka isa ƙofar gida. Tambayi mai amalanke da ɗan kabu-kabu: awa nawa zuwa ƙaramar likita, awa nawa zuwa inda ake tiyata, da rani nawa, da damina nawa? Ina ne ruwa ke tare hanya? Ina ne ake samun rezo? Ɗauki hoton wurin, waya ma tana nuna inda kake tsaye a taswira. Idan ƴan komin guda goma suka yi haka, sun haɗa taswirar da wataƙila babu irinta a kowane ofis.

Na biyu, mu kai takardar inda ake yanke shawara. Kowace komin tana da tsarin raya ƙasa da take rubutawa, kowane departema yana da masu kula da lafiya da ayyukan karkara. Mutum ya je da ƙorafi, a ba shi haƙuri. Mutum ya je da takarda mai cewa ƙauyuka kaza, mutum kaza, awa kaza, ga kwarin da ke jawo haka, wannan sai an ba shi amsa. A nemi a liƙa wannan lissafin a bangon meriya, a sabunta shi duk shekara, kowa ya ga ko awannin na raguwa.

Na uku, kuɗin man ambilans kada ya zama abin da ake nema da tsakar dare. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke Yamai da Maraɗi da Kano da Legas suna tara kuɗi don biki da wasan ƙwallo. A ware asusu, ko dala ashirin-ashirin ce a wata, a ajiye a hannun amintattu, a rubuta shiga da fita. Ranar da muka yi tamu, harhaɗa kuɗin mai kaɗai ya ci lokacin da ba za a iya sayo shi ba.

Na huɗu, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi wuya: mu yi magana da gidajenmu. Mace mai ciki, musamman ƴar fari ko wadda aka ce cikinta na da haɗari a wurin awo, in watanta ya kama da damina, a matso da ita kusa da likita tun kafin naƙuda. Ko gidan dangi ne a gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar a samar da gidajen jiran haihuwa kusa da asibiti don matan da ke nesa. Kuma maigida ya bar izini a buɗe, in ba ya nan a tafi da ita, kada a tsaya neman sa a waya. Mu da ke birni, ɗakinmu na haya ma zai iya zama wannan masaukin na mako biyu. Na yi wannan tunanin a makare. Kada ku yi irin tawa.

Na biyar, su ma filayen jirginmu a nema musu cikon aikinsu. Fili ba ya amfani in ba a san ranar da jirgi ke zuwa ba, ko in fasinja ya sauka ya ɓata awa biyu a tasha yana jiran mota ta cika. Jadawali tsayayye da mota mai tashi a kan lokaci zuwa Tasawa da Mayahi da Dakoro za su sa filin Maraɗi ya zama na jiha duka. Yanzu dai na birni ne kawai.

Ban rubuta wannan don a tausaya mini ba. Abin da ya same mu yana samun gidaje da yawa kowace damina, daga Mayahi har Tanut, sai dai su ba su da ɗa a Yamai da zai rubuta. Ƙanwata ta sake samun ciki bayan shekara biyu. Wannan karon tun watan takwas muka ɗauko ta, ta zauna wurin gwaggonmu a gari. Ranar da naƙuda ta tashi, minti 10 aka yi zuwa likita a kan adaidaita. Ta haifi ƴa mace, tana nan tana tatata. Kwarin nan kuwa yana nan yadda yake, bana ma ya cika.

Abokina mai lissafin jirgi, na san za ka karanta. Lissafinka daidai ne, minti 80 ne, na shaida. Amma in mun haɗu a fada, zo da amsar wannan: daga ƙofar gidan kakarka zuwa ɗakin tiyata mafi kusa, cikin watan Agusta, da ƙarfe 3 na dare, awa nawa ne? Ku ma sauran ƴan'uwa, kowa ya binciko nasa. In ba ka sani ba, kira gida yau ka tambaya.

Allah ya sauki mata lafiya, ya kai matafiya gida lafiya. Amin.